Rabon Kobol

Yanzu in ka tsaya bakin hanyar Shineberg da hantsi za ka ga keken doki na wucewa da ganguna cike da dutsen nan mai ruwan toka, 'yan kasuwa na biye suna "kobalt, kobalt," sai ka ce sunan wani basarake. Wai masu gilashi da masu tukwane ke saye, yana ba su shuɗin da ruwa ba ya wankewa. Ni dai dariya nake yi. A zamaninmu zagi ne. In mahaƙi ya ce wa dutse kobalt, to tofar da yawu ne zai biyo baya, don sunan ɗan aljanin rami ne, Kobol, wanda mazajenmu suka ce shi ke sace azurfa ya ajiye musu wannan a madadinta. Dutsen ya ci sunan ɓarawon, shi ke nan. Kuma saura ƙiris sunan nan ya kore mu daga garin, ni da mijina Bartel da 'ya'ya biyar da akuya. Laifina ne kuma, ba na ɓoyewa.

Su shida ne a raminsu. Baba Kilian ne babba, tsoho mai yatsu takwas, wanda ya fi shekara arba'in yana sauka. Al'adarsu ita ce, kowace Juma'a sai an kai wa Kobol rabonsa, kuma wata-wata abin ke zagayawa. Matar wanda watansa ya zo ita za ta yanki gindin burodi, ta shafa masa kitse, ta naɗe a ganyen kabeji, ta ɗaure da ciyawa. Mijin ya sauka da shi, ya tura a wani ɗan lungu bayan tsani na uku. Ba ya kwancewa, ba ya leƙawa, ba ya waiwaye. Uwata ta yi, kakata ta yi. Ni ma shekara goma sha ɗaya ina yi, ban taɓa tunanin komai a kai ba, kamar yadda ba ka tunani in za ka sa gishiri a miya.

Sai aka kawo mana sabon fasto, a shekarun da aka daina addu'a da Latin aka koma yarenmu. Karon farko ke nan da nake jin abin da ake faɗa a coci kalma bayan kalma, kuma ni in na ji abu, na ji shi. Wata Lahadi ya hau ya ce duk wanda ya ajiye wa aljani abinci, to ya zauna cin abinci da shi ke nan. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma na ji kamar a gefen kunnena ya tsaya.

Da muka dawo gida na zuba wa Bartel miya, na zauna gabansa.

"Baban Otila, ka ji fasto?"

"Na ji."

"To?"

"Fasto ya taɓa sauka rami?"

"Ba sai ya sauka ba. Allah na ƙasa kamar yadda yake sama."

"Yana nan," in ji shi. "Miƙo min gishiri."

Haka Bartel yake. Ba ya musu, ba ya ɗaga murya, amma in ka ture shi kamar ka ture bangon coci ne. Ga shi kuma watanmu ne ke shigowa, watan da muke cusa kabeji a ganga.

Ranar Juma'ar farko na yanki gindin burodin kamar kullum, na shafa kitse, na sa a aljihun zanen gabana. Sannan na je wajen murhu na zaɓi guntun itace daidai girmansa, na naɗe a ganyen kabeji, na ɗaure da ciyawa, ɗauri mai kyau kuwa. Bartel ya karɓa ya sa a jaka, na ce masa a fito lafiya, ya tafi. Burodin na kai wa wata makauniya da ke zama a matakalar coci. Na dawo gida ina jin kaina wasai kamar wadda aka wanke da sabulu. Juma'a huɗu ina yin haka.

A sati na uku Bartel ya shigo gida da sauri, abin da ba ya yi. Ya ciro dutse daga cikin hularsa ya aza a tebur. Yana ƙyalli kamar sabon cokali, ga nauyi.

"Jijiyar azurfa ta buɗe a cikin dutsen," ya ce. "Faɗinta ya kai tafin hannuna biyu."

Kafin magariba duk layinmu ya ji. Walburga, maƙwabciyata, matar Urban da ke aiki tare da su, har ta fara zancen irin rufin da za su sa wa gidansu. Ni kuwa na durƙusa na gode wa Allah, a raina ina cewa ka gani ko, an daina ciyar da shaiɗan, ga sakamako. Saura kaɗan in faɗa wa Bartel don in ci nasarar musun. Allah ya rufa min baki.

Kwana goma suna fasa dutsen suna fitowa da shi. Suka tara shi a bayan rami, suka jera itace, suka sa wuta don a gasa shi kafin a kai gidan narka. Urban ne mai kula da wutar. Ina shanya a bayan gida na ji warin tafarnuwa, kamar an dafa ta gari guda. Na ɗaga kai na ga farin hayaƙi yana kwanciya a kan tudu. Duk wadda aka haifa a garin nan ta san wannan warin, na kobalt ne, hayaƙinsa kuma guba. Na sauke kwandon wanki na zauna a kan dutse.

Da rana aka kawo Urban gida, mutum biyu na riƙe da shi, yana tari yana amai, idanunsa jawur. Washegari fatar hannunsa ta fara tsagewa. Abin da aka kai gidan narka kuwa ko ƙwayar azurfa bai bayar ba. Kobalt ne, tun daga farkonsa har ƙarshe.

Ran Asabar da tsakar rana Baba Kilian ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Bai zauna ba, bai cire hula ba. Ya buɗe jakarsa ya zazzage ƙulli huɗu a kan teburina. Ganyen duk ya yanƙwane, itacen na leƙowa.

"Shekara arba'in da uku ban taɓa sa hannu a lungun nan ba," ya ce. "Jiya na sa. Bartel, mene ne wannan?"

Bartel ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Ya daɗe yana juyawa. Sannan ya dube ni.

"Baba, bai sani ba," na ce. "Ni ce."

"Na san ke ce, matar Bartel. Shi wannan ko ƙarya bai iya ba, balle ɗauri mai kyau haka. Burodin fa?"

"Na ba makauniyar coci."

"Madalla. Ita ta ƙoshi, Urban na kwance."

"Ba ni na sa dutsen a ƙasa ba, Baba. Wanda ya yi dutse shi ya sa shi."

"Wannan ki faɗa wa fasto, zai ji daɗi. Ni mutum uku gare ni da suka ce ba za su sake sauka da mijinki ba." Ya gyara hula. "Ga abin da muka yanke. Juma'a mai zuwa, da tsakar rana, ki zo ɗakin bakin rami da burodi guda cur, da hannunki. Ki roƙi mai ramin, Kobol, gafara a gaban mutane. In kin yi, Bartel ya sauka. In ba ki yi ba, ya zo ya ɗauki gudumarsa. Kafin nan ya zauna a gida."

Bai faɗi sauran ba, don ba sai ya faɗa ba. Mutumin da aka kora da sunan ya ba Kobol itace, babu ramin da zai ɗauke shi a Shineberg, kuma labari ya fi mutum saurin haye tudu. Sai dai mu ɗaure kaya mu bar gidan da Bartel ya gina da hannunsa, da kabarin uwata, mu shiga duniya da yara biyar ana shirin ƙanƙara.

Da tsohon ya fita na jira faɗa. Bartel ya tattara itacen ya buɗe murhu ya jefa.

"Itace dai bai yi laifi ba," ya ce.

"Ba za ka zage ni ba?"

"Zai mayar da dutsen azurfa?"

"Ba zan iya roƙon aljani ba, Baban Otila. Ko wuƙa aka sa min."

"Na sani."

"To ya za mu yi?"

"Yau Asabar," ya ce, ya fita ya je yana gyara ƙofar akuya da ba ta lalace ba.

Namiji mai aikin rami a cikin gida da rana masifa ne. Ya gyara ƙofar akuya, ya gyara ƙafar benci, ya wasa min wuƙaƙe har sai da suka koma kamar ganyen ciyawa. Duk inda na juya yana nan. Yara suna murna, ni ina addu'a. Na roƙi Allah ya nuna min hanya, ina wanki ina roƙo, ina tatsa ina roƙo. Amsar da nake ji ɗaya ce, ba a durƙusa wa kowa sai Shi. To na ji, amma yaran fa?

Ran Litinin na tatsi akuya, na ɗebi man shanu, na shiga gidan Walburga. Madara da mai su ne maganin hayaƙin nan, kowa ya sani. Tana bakin murhu, ba ta juyo ba.

"A'a, waliyiyar layinmu ce. Me kika kawo mana, itace?"

"Madara ce. Matsa in dafa."

"Bari in leƙa tukuna, kar in tarar da ruwan toka."

"Leƙa. In kin gama ki ba ni cokali."

Ta ba ni cokalin, amma bakinta bai huta ba.

"Ke kaɗai kika ji wa'azin? Duk muna cocin nan. Kowa ya ji ya ce amin ya koma gida ya yanka burodinsa. Sai ke, mai kunnen zomo."

"To amin ɗin me kuka ce?"

"Amin ɗin Lahadi. Juma'a kuma daban."

Urban na kwance a benci an lulluɓe shi da bargo, hannayensa a naɗe. Ya so ya yi dariya, tari ya kama shi. Na ɗaga kansa na ba shi madarar da ɗumi. Ya sha rabi.

"Matar Bartel," ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "ni ne wawa. Na ji warin tun farko, na ce bari in ƙara itace in gani."

"Yi shiru ka sha," in ji Walburga. "Kai da ita duk jirgi ɗaya ne. Ita ta ji abin da bai kamata ta ji ba, kai ka shaƙi abin da bai kamata ka shaƙa ba." Ta karɓe kwanon a hannuna. "Gobe ki kawo da sassafe, ya fi sha da safe. Kuma ki je ran Juma'a ki faɗi abin da aka ce ki faɗa, mu huta. Wa zai ara min sikari in kin tafi, wannan marowaciyar ta gaba?"

Ba mu da sikari, ni da ita, ba mu taɓa samu ba. Haka take neman sulhu.

Ran Laraba ina shara tsintsiya ta jawo wani abu daga ƙarƙashin benci. Ƙulli na huɗu ne, ashe ya gangara Bartel bai gani ba. Na ɗauka zan jefa a wuta, sai na tsaya. Ganyen ba yanƙwanewa kawai ya yi ba, an cinye shi, saura jijiyoyi. A jikin itacen ga sawun haƙora, ƙanana, biyu-biyu a jere. A cikin ciyawar ɗaurin kuma ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi sun bushe. Macen da ta yi shekara goma sha biyar tana tsaron buhun gari ba sai an gaya mata ba.

Na fita na sami Bartel yana wasa gatari. Na miƙa masa a tafin hannuna.

"Baban Otila, Kobol ɗinku kashin ɓera yake yi?"

Ya duba, ya ci gaba da wasawa.

"Akwai ɓeraye a rami. Kowa ya sani."

"Su ke cin burodin."

"Baba Kilian ya ce yakan zo a siffarsu."

"Kai fa, me ka ce?"

Ya ajiye gatarin.

"Ni abin da na sani," ya ce, "ɓera na jin dutse kafin mu ji. In rufi zai zubo, su ke fara gudu. In iska ta ɓaci, za ki gan su suna bin tsani. In sun gudu, mu ma mu ajiye guduma mu bi su. Sau biyu na fito a haka. Shekarar da aka haifi Otila, da shekarar da babanki ya rasu."

"Ba ka taɓa gaya min ba."

"Me zan gaya miki? Na dawo gida ai."

"Yanzu suna nan?"

"Tun sati na biyu ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Ina jin sun koma ramin maƙwabta."

Na zauna a kan kututture. Duk kwanakin nan ina ganin abin tsakanina da aljani ne, ina jin kaina jaruma. Ashe sati uku na bar mijina da mutum biyar a ƙarƙashin tudu babu mai gadi. Da rufin ya motsa, ba wanda zai gudu ya nuna musu. Ni ina sama ina gode wa Allah a kan wayona.

Ban yi kuka ba, ba lokaci. Na tashi na jiƙa gari.

Ran Juma'a na fitar da burodin daga tanda tun hantsi, baƙin burodi mai nauyi, ban rage masa gari ba. Na yanka kitse mai kauri na aza a kai. Na sa rigata ta coci, na bar wa Otila ƙannenta. Bartel na gaba, ina biye, ƙanƙarar farko na sauka kaɗan-kaɗan. Walburga ta leƙo ta taga.

"A yi magana mai daɗi, waliyiya."

Ɗakin bakin rami shi ne inda suke ajiye kayan aiki, nan kuma suke addu'a kafin su sauka. Mace ba ta wuce ƙofarsa ta ciki. Na tarar da su a zaune a benci, Baba Kilian da mutum uku, da wasu 'yan kallo daga ramin maƙwabta da suka cika ƙofa, wai sun zo aron igiya. Na aza burodin a tebur. Baba Kilian ya ciro wuƙa ya soka masa har ƙasa, ya zaro ya duba. Aka yi dariya. Ban ji haushi ba, na cancanci wannan.

"To, matar Bartel. Muna ji."

"Baba Kilian, na yi maka ƙarya sati huɗu, kai da mutanenka. Ku yafe min. Na yi wa mijina ƙarya, na sa ya ɗauki itace yana zaton burodi ne. Na roƙe shi a gida, ina ƙara roƙonsa a nan. Na bar ku a ƙasa babu masu jin dutse, ban sani ba, amma rashin sani ba ya ta da wanda rufi ya danne. Wannan kuma na roƙi Allah, ina kan roƙo."

"Sai mai ramin," in ji Baba Kilian.

"Mai ramin shi ne na roƙa yanzu. Ban san wani mai rami ba bayan Shi."

Bartel na tsaye a gefena, ina jin numfashinsa.

"Ba haka muka yi da ke ba," in ji Baba Kilian.

"Ba haka ba ne, Baba. Kobol ban san shi ba, ban ci nasa ba, ba zan roƙe shi ba. Amma burodin nan na ɓerayen ramin ne. Halittar Allah ne, aiki suke muku, na hana su abincinsu. Ga shi na kawo."

Wani dogo a cikinsu, Balzer, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce, "To in Kobol ya zo ya ci fa?"

"In ya ƙwace a bakin ɓera, wannan tsakaninsa da Allah."

"In kuma shi ne ɓeran?"

"To ya ji kunya. Aljani guda ya rasa abin zama sai ɓera."

'Yan ƙofa suka fashe da dariya. Baba Kilian bai yi ba. Ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku, aka yi shiru.

"Ƙanena a ramin da ba a ajiye burodi ya mutu," ya ce. "Mutumin da ya mallaki ramin wani baƙo ne, ya ce camfi ne. Su tara suka mutu. Ni ban je makaranta ba, ban san ko ɓera ne, ko aljani ne, ko ɓera ne da aljani a cikinsa. Abin da na sani, lungun nan ba ya kwana babu burodi ran Juma'a. Ke kuma kin nuna mana in fasto ya yi tari sai ki canza ra'ayi. Wata shida nan gaba watanku zai dawo. Me zai hana mu sake cin itace?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na ga mutanen sun gyaɗa kai. A nan ne na ji gidan namu na zamewa daga hannuna.

"Kar ku jira wata shida," na ce. "Ku bar min duka. Kowace Juma'a, rani da ƙanƙara, daga tandata. Kuma ba naɗi. A buɗe zai zo, kowa ya gani, ka soka masa wuƙa in ka so."

"Kowace Juma'a? Da baki bakwai a gidanki?"

"Gindin burodi ne, Baba, ba saniya ba."

Balzer ya ce, "Matata za ta so wannan. Dama ta ce gindin ne ya fi daɗi."

"Kai yi mana shiru," in ji tsohon. Ya dubi burodin, ya dube ni, ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. "Akwai wanda ya ce ba zai sauka da Bartel ba?"

Wani ya sosa gemu. Wani ya ce shi dai in akwai burodi a lungu, ba ruwansa da sunan da aka rubuta a kai. Balzer ya ce dama shi tun farko bai ce komai ba, aka ce masa ƙarya yake, shi ya fara.

Baba Kilian ya tura burodin gaban Bartel.

"Ɗauki fitilarka. Kai za ka kai. Kar ka waiwaya."

Suka tsaya suka yi addu'arsu, na tsaya a bakin ƙofa na ce amin tare da su. Na ce musu a fito lafiya. Da zan fita tsohon ya kira ni.

"Matar Bartel. Gishirin burodinki ya yi kaɗan."

Ashe ya lashi wuƙar.

Na dawo gida na cire rigar coci na hau wanki. Da yamma Bartel ya shigo baƙi ƙirin, ya zauna, na zuba masa miya.

"Sun zo?" na tambaye shi.

"Ba a waiwaye."

Labarin bai kwana ba ya kai coci, kuma na san bakin da ya kai shi. Ran Lahadi fasto ya tsayar da ni a ƙofa, ya ce ya ji wai na koma kai abinci rami. Na ce masa ɓeraye nake ciyarwa, na faɗa masa aikin da suke yi. Ya kalli takalminsa. Yaro ne a lokacin, daga ƙasar kwari ya zo, inda ba a haƙa sai rijiya. Ya ce bai san wannan ba. Sannan ya ce in na sami saura, gidansa ma akwai su, amma nasa ba sa aikin komai. Makauniyar kuwa ban yanke mata ba, burodi gindi biyu gare shi.

Dutsen bai gyaru don na kai burodi ba, kar wani ya ce na faɗa. Kobalt suka yi ta fasawa suna zubarwa a bayan tudu har bayan Kirsimeti, kafin su karkata hagu su sami wata 'yar siririyar jijiya da ta riƙe mu. Urban ya tashi bayan sati biyar, muryarsa dai ba ta koma daidai ba, abin da Walburga ta ce ita bai dame ta ba.

Amma tun kafin wannan, ran Talatar da ta biyo bayan Juma'ar, Bartel ya dawo yana cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Na ga ɗaya yau."

"Ɗaya me?"

"Ƙarami, da guntun wutsiya. Ya zo ya zauna a kan jakata ina cin abinci."

"Ka ba shi?"

"Na ba shi."

"To gobe zan ƙara maka yanki," na ce. "Shigo ka rufe ƙofa, ɗumi na fita."